Idan Ma'auni Ya Karkata: Daga Mudun Kasuwa Zuwa Tef Ɗin Awon Damtse

A watan Yuni na shekarar 2024, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF tare da na Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara suka bi wurare 21 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, cikin gari da ƙauye, suna tantance yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Yara 97,149 aka duba. Aka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa, kashi 5 cikin ɗari kuwa tasu ta yi tsanani. Irin waɗannan alƙaluma su ake ɗorawa a kan teburin masu yanke shawara, da su ake ƙiyasta katan nawa na abincin magani za a aika, da gado nawa za a ƙara a asibiti. Amma kafin alƙaluma su kai teburi, kowane ɗaya daga cikinsu ya fito ne daga hannun wani ma'aikaci da ya durƙusa gaban yaro, ya naɗa masa wani ɗan siririn tef a damtse, ya karanta lamba. To, idan tef ɗin kansa ba ya faɗin gaskiya fa? Ko kuwa hannun da ke jan sa ya saba da matsewa?

Ba wai ana zargin wancan aikin da wani aibi ba ne. Tambaya ce da ta hau kan duk wanda ke auna wani abu, tun daga mai awon gero a kasuwar Shinkafi har zuwa ɗalibin da ke riƙe da ma'aunin zafi a ɗakin gwaji. Masana kimiyya sun daɗe da yarda cewa babu awon da ya kuɓuta daga kuskure. Abin da suka dage a kansa shi ne a san irin kuskuren, a san girmansa, a san kuma ɓangaren da yake jan sakamako.

Kuskure mai yawo da zaunannen kuskure

A ɗauka wata ƙaramar asibiti a Badarawa tana da sikeli biyu masu rataya, irin waɗanda ake auna yara da su, masu ɗaukar kilo 25. Aka samo wani ƙarfe da aka tabbatar nauyinsa kilo 10 ne daidai, aka rataya shi sau biyar a kan kowane sikeli. Na farko ya nuna 9.8, 10.2, 10.1, 9.9 da 10.0. Na biyu ya nuna 10.3, 10.2, 10.4, 10.3 da 10.3.

Wanda bai san nauyin ƙarfen ba zai fi amincewa da sikeli na biyu, domin maganarsa kusan ɗaya ce a kowane lokaci, na farko kuwa kamar mai kame-kame. Amma a tara lambobin. Na farko sun tashi 50.0, idan an raba gida biyar a sami 10.0, wato ainihin nauyin ƙarfen. Na biyu sun tashi 51.5, matsakaicinsu 10.3. Sikeli na farko yana kuskure, sai dai kuskurensa yawo yake yi, yau sama gobe ƙasa, har ya zama wani yana cinye wani. Na biyu kuwa ya zauna a gefe guda: kullum ƙari yake yi. Wannan zaunannen kuskure shi ake nufi da karkatar ma'auni, kuma lissafinsa ba wuya. A ɗauki matsakaicin abin da ma'auni ya nuna, a ɗebe ainihin ƙimar abin da aka auna. A nan 10.3 a ɗebe 10.0, saura 0.3. Sikelin ya karkata da giram 300 ta wajen ƙari. Da sakamakon ya fito ƙasa da sifili, da sai a ce karkatarsa ta wajen ragi ce.

Bambancin nan ba na suna kawai ba ne, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Kuskure mai yawo yana raguwa idan an maimaita awo an ɗauki matsakaici. Ka'idar ita ce yana raguwa gwargwadon tushen murabba'in yawan awon, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan yawan. Awo 4 ya rage shi zuwa rabi, awo 25 zuwa kashi ɗaya bisa biyar, awo 100 zuwa kashi ɗaya bisa goma. Karkata kuwa hali ce, zanen dutse. A rataya ƙarfen nan sau dubu a kan sikeli na biyu, matsakaicin zai ƙara kafuwa ne a kan 10.3. Abin da maimaici ya ƙara wa mai awo shi ne ƙarfin gwiwa a kan amsar da ba daidai ba, kuma a nan haɗarin yake. Ɗalibai da yawa sukan rubuta a ƙarshen rahoton gwaji cewa sun maimaita awo sau uku don kawar da kuskure. Rabin kuskuren suka taɓa.

'Yan kasuwa sun fahimci wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ake lodi zuwa kudu, kuma arzikin manomi na shekara guda a bakin sikeli yake yankewa. A ɗauka an auna buhu 1,000 masu kilo 50 kowanne. Idan sikelin yana kuskuren kilo ɗaya mai yawo, wani buhun a ƙara masa wani a rage, to a ƙarshen kaka abin da ake tsammanin jimlar za ta kauce da shi bai wuce wajen kilo 32 ba, domin tushen murabba'in 1,000 ke nan, kuma ba a san wa zai ci ribarsa ba, mai saye ko mai sayarwa. Idan kuwa sikelin yana rage kilo ɗaya ne a kowane buhu, asarar ta zama kilo 1,000 cif, tan guda, buhu ashirin, kuma daga aljihun manoma kaɗai za ta fita. Haka zancen yake ga mudu ko tiya da aka bubbuge gindinta ya shige ciki. Wanda ya yi haka da gangan sunansa mai tauye mudu, kuma addini da al'ada duk sun yi tir da shi. Sai dai kwanon da ya lotsa don faɗuwa, ba da nufin kowa ba, daidai wannan tauyewar yake yi. Karkata ba ta bukatar mugun nufi.

Gano siffar karkata

Gwaji da nauyi ɗaya tak ba ya isa, domin karkata iri-iri ce. Wani sikelin idan aka gwada shi ba komai a kai, sa'an nan da kilo 5, da 10, da 20, sai ya nuna 0.3, 5.3, 10.3 da 20.3. Ƙarin iri ɗaya ne ko'ina. Wannan matsalar sifili ce: ko dai allurar ba ta komawa mazauninta, ko kuwa an manta an daidaita ta kafin a rataya wandon awo ko bahon da ake sa yaro a ciki. Irinta ce ke samun rular da bakinta ya cinye. Gyaranta a murɗa allura ta koma sifili, ko a riƙa ɗebe 0.3 daga kowane awo.

Wani sikelin kuma zai nuna 0, 5.2, 10.4 da 20.8. A sifili lafiya lau yake, shi ya sa yake ruɗin mutane, amma ƙarin yana girma tare da kaya, kashi 4 cikin ɗari a kowane mataki. Yawanci murɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa ce ta saki saboda tsufa ko yawan lodi. A nan ɗebewa ba ta gyara komai, sai rabawa: a raba abin da ya nuna da 1.04.

Sau da yawa cututtukan biyu a jiki ɗaya suke haɗuwa, kuma nauyi biyu sanannu sun isa a rarrabe su. Alal misali, kilo 5 ya nuna 5.3, kilo 20 ya nuna 20.6. Nauyin gaskiya ya ƙaru da 15, amma allura ta matsa da 15.3. A raba 15.3 da 15, a sami 1.02, wato kowane kilo guda sikelin yana karanta shi 1.02. Da wannan ce kaɗai matsalar, kilo 5 zai nuna 5.1, amma ya nuna 5.3, saboda haka akwai ƙarin 0.2 na sifili. Yanzu idan an rataya yaro allura ta tsaya a 8.4, sai a fara ɗebe 0.2, a sami 8.2, a raba da 1.02, ya ba da kimanin 8.0. Giram 400 ba abin a zo a gani ba ne a buhun dawa. A jikin yaro mai kilo takwas kuwa, kashi ɗaya bisa ashirin ne na nauyinsa, kuma ya isa ya sa a sallame shi daga magani alhali bai murmure ba, ko a ba shi magani fiye da kima, tun da yake da nauyi ake lissafa maganin yara.

Milimita biyu

A koma ga tef ɗin damtse, inda lamarin ya fi tsauri. Dalilin da ya sa ake auna damtse shi ne idan abinci ya gaza, jiki yakan fara cin kitsen da ke ƙarƙashin fata, sa'an nan ya koma kan tsoka, kuma damtse wuri ne da ƙashi ɗaya ne kawai, sauran duk tsoka ce da kitse. Bugu da ƙari, kaurin damtsen lafiyayyen yaro ba ya canjawa sosai daga shekara ɗaya zuwa biyar, saboda haka ko ba a san shekarun yaro daidai ba, awon yana da amfani. A Nijeriya ma aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen farko na wannan dabara, lokacin da masu aikin agaji suka riƙa auna damtsen yara a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yadda ake yi a yau, ga yara daga wata 6 zuwa wata 59, shi ne a nemi tsakiyar damtsen hagu, tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun ya miƙe, a naɗa tef. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa 124 rawaya ne. Daga 125 zuwa sama kore. Iyakar ja a dā milimita 110 ce, sai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115.

Duk inda aka shata iyaka irin wannan, ƙaramar karkata takan yi babbar ɓarna, domin akwai yara da yawa da ke zaune a bakin layin. Ga misali na ƙiyasi kawai. A ce cikin yara 1,000 akwai 50 da damtsensu na gaskiya bai kai 115 ba, kuma cikin hamsin ɗin nan 10 suna kan 114, wasu 9 suna kan 113. A ce kuma akwai 11 a kan 115 da 13 a kan 116. Idan tef yana ƙara milimita biyu, masu 113 da 114 za su fito 115 da 116, su tsallake daga ja zuwa rawaya. Yara 19 ke nan da ba za a rubuta su cikin masu bukatar magani na gaggawa ba. Rahoto zai ce kashi 3.1 cikin ɗari, alhali gaskiyar kashi 5 ce. Kuskuren milimita biyu cikin 115 bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma ya ɓatar da fiye da sulusin yaran da ake nema. Idan kuma mai awo yana matse tef har ya rage milimita biyu, yara 24 za su faɗo cikin ja, adadin ya koma 74. Wannan ya fi sauƙi ga yaran, amma maganin yaro guda yakan cinye kusan katan ɗaya mai ƙunshi 150 na abincin nan na gyaɗa da madara, kuma katan ɗin da aka ba wanda bai kai ba, wani ne aka hana.

Ta ina milimita biyu za ta shigo? Hanya ɗaya ita ce kaurin tef ɗin kansa, kuma wannan ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya lissafa ta. Idan aka lanƙwasa tef, fuskarsa ta ciki takan takure, ta waje ta miƙe, tsakiyar kaurinsa ce kaɗai ke riƙe da tsawonta na asali. Saboda haka abin da tef ke aunawa ba kewayen damtse ba ne, kewayen wata da'ira ce da faɗinta ya ɗara na damtsen da kaurin tef guda, rabi ta wannan gefe rabi ta wancan. Tun da kewayen da'ira shi ne faɗinta sau 3.14, ƙarin da ake samu shi ne kaurin tef sau 3.14. Tef mai kaurin milimita 0.3 zai ƙara kusan milimita ɗaya, mai 0.6 kuwa kusan biyu, sai fa idan masana'anta ta yi la'akari da haka tun wajen buga lambobin. A 2021 wasu masana harkar abinci mai gina jiki suka wallafa cewa sun tarar da bambancin wajen milimita biyu tsakanin ire-iren tef da ake rarrabawa, suka nemi a daidaita yadda ake ƙera su. Mai son gani da idonsa ya naɗa siririyar takarda a jikin gwangwanin madara ya yi alama inda ta haɗu, ya sake yin haka da yankin kwali mai kauri, ya shimfiɗa su gefe da gefe.

Hanya ta biyu ita ce mutum. Kowane mai awo yana da nasa hannu, kuma ba ya jin karkatar hannunsa, kamar yadda mai sanƙo ba ya ganin ƙeyarsa. Wannan tsohon zance ne a kimiyya. A 1796 shugaban gidan nazarin taurari na Girinwic a Ingila, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa David Kinnebrook don yana rubuta lokacin giftawar taurari a makare da kimanin kashi takwas bisa goma na daƙiƙa. Bayan shekaru ashirin da wani abu, masanin taurari na Jamus Friedrich Bessel ya gwada kansa da wasu ƙwararrun, ya tarar kowa da tasa zaunanniyar tazara, wani yana gaggawa wani yana jinkiri. Ashe ba sakaci ba ne, halin ɗan Adam ne, kuma tun da yake a zaune yake, ana iya auna shi a ɗebe. Wannan darasin ne ake bi a yau kafin a fita binciken tamowa: kowane mai awo yakan auna yara goma sau biyu, a kwatanta awonsa na farko da na biyu don a ga yawon hannunsa, a kuma kwatanta matsakaicinsa da na ƙwararren mai horarwa don a ga karkatarsa.

Akwai kuma wata dabara da ba ta bukatar komai sai littafin rajista. A duba lambar ƙarshe ta kowane awo. Idan an karanta tef tsakani da Allah, cikin awo 200 kowace lamba daga 0 zuwa 9 za ta fito wajen sau 20. Idan aka ga 0 ta fito sau 70, 5 kuma sau 50, to mai awon yana cikasa lamba zuwa wadda ta fi daɗin rubutu. Abin takaici, iyakokin biyu, 115 da 125, duk da 5 suka ƙare. Yaro mai 114 da aka cikasa masa zuwa 115 ya fita daga ja da alƙalami kawai.

Na'urar da ta kai ƙarshen iyawarta

Wani nau'in karkata ya bayyana a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Masu bincike sun zo da wata ƙaramar na'ura ta hannu mai suna LeadCare II, wadda ke auna dalma a ɗigon jini cikin 'yan mintoci. Ana ƙirga dalma da maikirogiram, wato kashi ɗaya bisa miliyan na giram, a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini. A lokacin ana ɗaukar 10 a matsayin abin damuwa, 45 kuwa matakin fara maganin fitar da guba. Cikin yara fiye da 200 da aka gwada a ƙauyuka biyun nan, kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun wuce. Matsalar ita ce na'urar ba ta iya karanta abin da ya haura 65. Daga nan sai dai ta nuna alamar cewa ya yi yawa, kuma mafi yawan yaran sun haura.

A ga abin da zai faru da an rubuta 65 ga duk wanda ya haura. Yara biyar masu 50, 60, 90, 150 da 300 matsakaicinsu 130 ne. A rajista kuwa za su zama 50, 60, 65, 65 da 65, matsakaici 61, ƙasa da rabin gaskiya. Likita ba zai iya bambance mai 90 da mai 300 ba, kuma idan magani ya sauko da yaro daga 300 zuwa 100, takarda za ta nuna kamar bai yi aikin komai ba. Mafitar da aka samu ita ce a sirka jinin yaron da wani jinin da aka tabbatar ba shi da dalmar kirki, bisa sanannen gwargwado, har ya sauko inda na'ura za ta iya karantawa, sa'an nan a ninka amsar. Ba a tsaya nan ba, sai da aka kwatanta sakamakon wannan dabara da na babban ɗakin gwaji na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke Atlanta. Kwatancen da wani ma'auni dabam shi ne ginshiƙin aikin. An ga amfanin irinsa a watan Mayu na 2017, sa'ad da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin wannan kamfani na iya nuna ƙasa da gaskiya idan jinin daga jijiya aka ɗebo shi.

Akwai wata karkatar da ta shafi duk mai baƙar fata. Ɗan makamin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini yana aiki ne da haske iri biyu da yake ratsa yatsan da su, domin jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba ba sa shan hasken daidai wa daida. Amma launin fata ma yana shan haske, kuma mafi yawan mutanen da aka daidaita na'urorin a jikinsu farare ne. A watan Disamba na 2020, likitoci a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da awon jinin da aka ɗebo kai tsaye. Cikin lokutan da ta nuna 92 zuwa 96, wato kamar ba matsala, ainihin oksijin ya kasa 88 a kashi 11.7 cikin ɗari ga baƙaƙe, ga farare kuwa kashi 3.6 ne kacal. Na'urar ba ta lalace ba, tana yin abin da aka koya mata ne. Shi ya sa ma'aikacin lafiya a Zurmi ko Kaura Namoda da ya ga yaro mai ciwon huhu yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa na lotsawa, bai kamata ya bar lamba 94 ta kwantar masa da hankali ba.

Da me za a gwada ma'auni?

Ma'auni ba ya iya ba da shaida a kan kansa, dole sai an gwada shi da wanda ya fi shi inganci, shi ma wancan da wanda ya fi shi. A Nijeriya, Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta ɗora wa wani sashe na ma'aikatar ciniki ta tarayya alhakin duba sikeli da famfunan mai. Sarƙar tana tafiya har birnin Sebur kusa da Faris, inda daga 1889 aka ajiye wani ɗan curin ƙarfe a matsayin kilogiram na duniya. Shi ma bai tsira ba: cikin kimanin shekara ɗari aka ga tazarar wajen maikirogiram 50 ta shiga tsakaninsa da kwafe-kwafensa, ba kuma yadda za a ce wane ne ya canja, tun da shi ne alƙalin. Daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka sauke shi daga wannan matsayi, aka ɗora kilogiram a kan wata lamba ta ilmin fiziya da ba ta tsatsa, ba ta ƙura.

Makarantar da ba ta da ƙarafan gwaji tana da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kusan kilo ɗaya ce, a zafin wannan yanki tana kasawa da giram huɗu ko biyar kawai. Idan an sami silindar awo mai kyau, a rataya jarka babu komai a daidaita allura a sifili, a zuba lita 5, sa'an nan 10, sa'an nan 20, ana rubuta abin da sikeli ya nuna sau uku a kowane mataki. Daga nan ɗalibai su fitar da karkatar sifili da ta miƙewa kamar yadda aka yi a baya, su rubuta su a takarda tare da kwanan wata, su manna a jikin sikelin. A maimaita a kowane zango, domin karkata ma tana tsufa. Tef ɗin ƙarfe na awon fili, alal misali, a digiri 20 ake daidaita shi. A ranar Afrilu mai digiri 40, mai mita 30 yakan miƙe da wajen milimita 7, ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, da sanyin hunturu kuma ya komo.

Ma'aunin zafi kuwa ana gwada shi da ƙanƙarar da aka farfasa tana narkewa cikin ɗan ruwa, inda ya kamata ya nuna sifili, da kuma tafasasshen ruwa. A nan sai malami ya yi hattara. Digiri 100 da ke cikin littafi na bakin teku ne, kuma duk hawan mita 300 yana rage wajen digiri ɗaya. Ƙasar arewacin Zamfara ta ɗara teku da 'yan ɗaruruwan mitoci, saboda haka ruwa a Kaura Namoda zai tafasa ne a wajen digiri 99 ko ƙasa da haka kaɗan. Ɗalibin da ya ga 99 ya rubuta cewa ma'auninsa ya karkata da digiri ɗaya, ya shiga ƙara ɗaya a kan kowane awo, ya cusa wa lafiyayyen ma'auni karkatar da ba shi da ita.